Ƙafa ce ke gudu ko takalmi?

Da la'asar sakaliya, ranar 10 ga Satumba 1960, 'yan tsere kusan 70 suka jeru a birnin Rum na Italiya domin gudun yada-ƙanin-wani na gasar Olamfik. An jinkirta tashi ne saboda zafin rana, shi ya sa dare ya riske su a hanya, sojoji suka tsaya a gefen tsohon titin Appia riƙe da sandunan wuta suna haska musu. Cikin 'yan tseren akwai wani siririn soja ɗan shekara 28 daga rundunar da ke gadin Sarkin Habasha Haile Selassie. Sunansa Abebe Bikila, ƙafarsa ko silifa babu. Takalmin da ya samu a Rum bai yi masa daidai ba, har ya fitar masa da bororo, sai ya ajiye shi ya fito yadda ya saba atisaye a gida. Kafaɗa da kafaɗa suka yi ta tafiya shi da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko, har suka iso kusa da dogon dutsen nan na Aksum wanda sojojin Mussolini suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a Rum. A nan Bikila ya ƙara mai. Ya isa ƙarshe cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16.2, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinare a Olamfik, ya kuma shafe lokaci mafi sauri da aka taɓa yi a duniya, na Sergei Popov ɗan Tarayyar Sobiyet, da tazarar da ba ta cika sakan guda ba.

Masu ba da labarin nan sun fi son su tsaya a nan, don a nan ya fi daɗi: ga talaka ba takalmi ya kunyata masu takalmi a garin waɗanda suka mamaye ƙasarsu. To amma akwai saura. A Tokiyo a 1964 Bikila ya sake cin zinare, bai cika mako shida da yi masa tiyatar afendis ba, wannan karon sanye da takalmin Puma da farar safa, ya gama cikin 2:12:11. Minti uku cur ya rage. Ba wanda ya ce takalmi ne ya ci. A wancan zamani takalmin gudu kariya ne kawai daga tsakuwa da zafin kwalta, abin da ake nema gare shi bai wuce kada ya yi nauyi, kada ya ci ƙafa ba. Sai da aka yi shekara 50 da ɗoriya sannan takalmin gudun titi ya zama abin da alƙalai ke sa wa ma'auni, kuma rigimar ba a kan titin yada-ƙanin-wani ta faro ba.

Kokawa da dambe ba sa bukatar agogo. Wanda ya kai ƙasa ya faɗi, kowa ya gani. Gudu ma haka yake in dai tambayar ita ce wa ya riga wa. Amma da zarar an ce wane ya fi duk wanda ya taɓa gudu a bayan ƙasa, to an jera rayayye da matacce a tsere ɗaya ke nan, kuma ba abin da ya haɗa su sai lamba. Shi ya sa hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, IAAF, wadda aka kafa a Stockholm a 1912, ta ɗauki tsaron kundin bajinta a matsayin babban aikinta. Ko nisan gudun yada-ƙanin-wani ba a tsayar da shi ba sai 1921, lokacin da aka amince da kilomita 42 da mita 195, wato tazarar da aka yi a Landan a 1908 daga fadar Windsor zuwa gaban rumfar sarauta a filin White City. Kundin nan mudun kasuwa ne: amfaninsa shi ne na bara da na bana su zama ɗaya. In wani ya bubbuga gindin mudu ya ƙara masa zurfi, hatsi bai canza ba, amma lissafin kowa ya rikice. Kuma sarkin kasuwa ba ya zuwa sai an riga an sha ciniki.

Agogo ne ya fara taɓa lissafin. Lokacin da Jesse Owens ya ci zinare huɗu a Balin a 1936, a kan ƙasa mai haɗe da tokar kwal ya yi gudu, kuma kafin a tashi sai kowane ɗan tsere ya durƙusa da ɗan cokalin magina ya haƙa ramuka biyu inda zai tokare ƙafa. Matokaran tashi ba su shiga Olamfik ba sai a Landan a 1948. Lokaci kuwa mutane ne ke ɗauka da agogon hannu, su danna in sun ga hayaƙin bindiga, su sake dannawa in ƙirjin ɗan tsere ya taɓa zare. Da yake ɗan Adam yakan makara a dannawar farko, agogon hannu yana yi wa mai gudun mita 100 rangwamen kusan rubu'in sakan. Da na'ura ta karɓi aikin sai rangwamen ya ƙare. Jim Hines, wanda agogon lantarki ya ba 9.95 a Meziko a 1968, ya riƙe wannan tarihi kusan shekara 15. Daga 1 ga Janairu 1977 hukumar ta daina karɓar lokacin hannu a duk tseren da bai wuce mita 400 ba. Wannan fasaha rage wa 'yan wasa ta yi, shi ya sa ba a cika tunawa da ita in ana ƙorafi ba.

A gasar Meziko ɗin nan ce aka fara yin Olamfik a kan filin roba, samfurin Tartan na kamfanin 3M, a birnin da ke sama da mita 2,200 daga teku, inda iska ba ta da kaurin da za ta tare ƙirjin mai gudu. Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ya ƙara santimita 55 a kan tarihin da ya tarar, har na'urar awon da aka girka ta gaza kai wa inda ya dira, sai da aka nemo tef aka auna da hannu. An rubuta masa. Amma wata guda kafin nan, a gasar tace 'yan wasan Amurka, John Carlos ya yi mita 200 cikin lokacin da ba a taɓa yi ba, aka ƙi rubuta masa, saboda takalmin Puma da ya sa yana da ƙananan allurai 68 a ƙasa, alhali ƙa'ida 'yan ƙusoshi kaɗan ta yarda da su. Hukuncin yana da ma'ana. Fili da iska na kowa ne, duk wanda ya zo ya samu. Takalmin kuwa wasu ne ke da shi.

Daga nan kowane wasa ya haɗu da tasa jarrabawar, kuma abin mamaki, ba wasanni biyu da aka yanke wa hukunci iri ɗaya.

Masu tsallen sanda rungumar sabon abu suka yi. Cornelius Warmerdam ya haura mita 4.77 da sandar gora a 1942, aka yi shekara 18 ana fama da sandunan ƙarfe, santimita 3 kacal aka ƙara. Da sandar zaren gilas mai lanƙwasa ta shigo a farkon shekarun 1960, aka haura mita 5 a 1963, Sergey Bubka ya haura 6 a 1985. Wasan ya zama wani wasa daban, amma kundin ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Masu jifan mashi kuwa goge allo suka yi. Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya wurga mashi mita 104.80 a 1984, abin da ya kusa fin ƙarfin filin, ga kuma gardamar da ake yawan yi in mashi ya faɗi a kwance bai caki ƙasa ba. A 1986 aka matsar da cibiyar nauyin mashin santimita 4 zuwa gaba don ya riƙa saurin sunkuyawa, aka buɗe sabon shafi. Jifan Hohn ya zauna shi kaɗai, ba mai sake taɓa shi.

Labarin tseren keke ya fi koyarwa, don a nan ne aka yi gwajin da ba a taɓa yi a gudu ba. Akwai wata bajinta da masu keke ke girmamawa: nisan da mutum zai iya yi cikin awa guda, shi kaɗai a zagayayyen fili. Eddy Merckx ɗan Beljiyam ya yi kilomita 49.431 a Meziko a 1972 a kan keke irin wanda kowa ya sani. A 1984 Francesco Moser ya zo da ƙafafu rufaffu marasa waya ya yi 51.151. A 1993 wani ɗan Sikotland mai suna Graeme Obree ya haɗa kekensa da hannunsa, har da boris ɗin injin wanki a ciki, ya ƙirƙiro wani irin zama na duƙe ƙirji a kan hannu, ya karya tarihin. Kafin 1996 ta ƙare Chris Boardman ya kai shi 56.375. Sai hukumar keke ta duniya, UCI, ta ce ya isa haka, ta raba kundin gida biyu, ta mayar da na Merckx a matsayin na ainihi, ta ce mai so ya zo da keke irin nasa. A Oktoban 2000 Boardman ɗin nan ya hau irin keken a Manchester. Abin da ya yi shi ne 49.441. Mita goma ya fi Merckx, bayan shekara 28. Kusan kilomita bakwai ɗin da aka yi ta yi wa tafi, ashe mafi yawansu na keke ne da salon zama. Hukumar ba ta iya riƙe wannan tsari ba, don 'yan wasa sun daina sha'awar gwadawa, a 2014 ta sake buɗe ƙofa ga kekunan zamani.

Na ninƙaya ne ya fi muni. A Fabrairun 2008 kamfanin Speedo ya fito da rigar LZR Racer, wadda aka gwada yadinta a ɗakin gwajin iska na hukumar NASA. Rigar ba ta da ɗinki, manne ta aka yi, an lilliƙa mata fallayen wata roba da ruwa ba ya ratsawa, tana matse jiki har sai mutum ya yi minti 20 ko fiye yana kokawar sa ta. A Olamfik ta Beijin an kafa sabon tarihi 25, masu wannan riga suka kafa 23. Hukumar ninƙayar Japan, wadda ke da yarjejeniya da kamfanonin gida, dole ta sa ta saki 'yan wasanta su sa rigar baƙo. Da shekara ta zagayo sai wasu kamfanoni suka yi rigar da roba zalla, mai riƙe iska tana ɗaga jiki sama. A gasar duniya ta Rum a 2009 aka kafa tarihi 43 cikin 'yan kwanaki. Paul Biedermann na Jamus ya doke Michael Phelps a mita 200, ya kuma shafe tarihin Ian Thorpe na mita 400 da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Hukumar ninƙaya ta duniya, FINA, ta haramta rigunan daga 1 ga Janairu 2010, amma ta bar lambobin a kundi. Wato an kwace makamin, an bar ganimar. Wancan na mita 400 sai a 2025 aka samu mai karya shi.

Duk tsawon wannan lokaci masu gudun dogon zango suna ganin abin bai shafe su ba. Me ke akwai a gudu ban da ƙafa da huhu? Imanin masu yin takalmi shi ne a rage nauyi, tunda an daɗe da auna cewa kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin mai gudu. Saboda haka takalmin gasa siriri ne, falle guda na soso tsakanin ƙafa da kwalta, ƙafa ta sha duka ta haƙura. Da irinsa aka yi ta sassaƙar tarihin a hankali. Belayneh Dinsamo na Habasha ya yi 2:06:50 a Rotterdam a 1988, ya riƙe shekara goma. Paul Tergat na Kenya ya sauka ƙasa da 2:05 a 2003, Haile Gebrselassie ya yi 2:03:59 a 2008, Dennis Kimetto ya yi 2:02:57 a 2014, dukkan ukun a Balin, gari shimfiɗaɗɗe mai sanyin kaka. Daga Dinsamo zuwa Kimetto shekara 26 ne, abin da aka rage bai cika minti huɗu ba. Abin da ya kawo ragin kuwa sananne ne: kuɗin gasa ya ƙaru, matasan tsaunukan Iten da Eldoret da Bekoji suka daina jira sai sun tsufa a fili kafin su hau titi, aka kuma riƙa ɗaukar 'yan rakiya masu ja wa gwani gudu. Takalmi bai shiga lissafi ba sai in ya ba da matsala, kamar a Balin a 2015, inda shimfiɗar cikin takalmin Eliud Kipchoge ta zame ta fito tana lilo a dugadugansa, ya yi ta gudu a haka har ya ci cikin 2:04:00.

Kamfanin Nike ne ya juya tunanin. Masu bincikensa suka samo wani soso da ake yi da robar Pebax ta wani kamfanin Faransa, marar nauyi, wanda in an taka shi yakan mayar da kusan kashi 87 cikin 100 na ƙarfin da aka danna masa, alhali soson takalmin gasa na da bai wuce kashi 65 zuwa 76 ba. Tunda ba shi da nauyi, sai aka tula shi da kauri. Soso mai kauri kuwa yana rawa a ƙarƙashin ƙafa, don haka aka cusa masa lanƙwasasshen falle na zaren kabon a tsakiya, mai tauri, ya riƙe shi ya kuma hana yatsu lanƙwashewa suna ɓarnar ƙarfi. Mutane sun fi zargin fallen, suna ce masa sifirin, amma babban aikin na soson ne. A jami'ar Colorado da ke Boulder aka ɗora 'yan tsere 18 a kan injin gudu aka auna iskar da suke shaƙa, aka ga takalmin yana rage musu wahala da kusan kashi 4 cikin 100. Kamfanin ne ya biya kuɗin binciken, har ya sa lambar a sunan takalmin, Vaporfly 4%, amma masu binciken da ba nasa ba sun zo sun samu kusan haka. Kashi 4 na ƙarfi ba kashi 4 na lokaci ba ne. Sai dai ko kashi 1 ne, a gudun awa biyu ya haura minti guda. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne takalmin yana da zaɓe: a cikin mutum 18 ɗin, wani bai samu kashi 2 ba, wani ya haura 6.

In akwai zalunci a wannan tarihi, a 2016 aka yi shi, tun duniya ba ta san da takalmin ba. A watan Fabrairu, a gasar tace matan da za su wakilci Amurka a gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik, uku ake ɗauka. Biyu daga cikin ukun da suka wuce samfurin gwaji ne a ƙafarsu, an yi masa ado ya yi kama da takalmin da aka saba gani. Kara Goucher, wadda wani kamfani daban ke ɗaukar nauyinta, ta zo ta huɗu, minti guda da 'yan sakanni tsakaninta da ta uku. A Olamfik ta Riyo kuma, maza ukun da suka hau mumbari, Kipchoge da Feyisa Lilesa da Galen Rupp, duk shi suka sa. Ba a sayar da shi a kasuwa ba sai 2017. Laifin da aka hana John Carlos tarihinsa a kai ke nan, abin da wasu ke da shi wasu ba su da shi, amma wannan karon ba wanda ya duba ƙasan takalmin kowa.

Sai aka shiga farautar awa biyu. A ranar 6 ga Mayu 2017, a filin tseren motoci na Monza a Italiya, Nike ya shirya wa mutum uku gudu na musamman, Kipchoge ya gama cikin 2:00:25. A Balin a 2018, a gasa ta ainihi, ya yi 2:01:39, ya zabge sakan 78 a tashi ɗaya, ragin da ba a ga irinsa ba tun 1967. Sannan attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ya ɗauki nauyin gwaji na biyu. Aka zaɓi wani miƙaƙƙen titi mai inuwar itatuwa a lambun Prater na birnin Biyana, aka sake shimfiɗa kwalta inda take bukata, aka zuba wa hasashen yanayi ido har aka tsayar da safiyar 12 ga Oktoba 2019. 'Yan rakiya 41 aka tara, cikinsu har da zakarun duniya, suna shiga bakwai-bakwai suna karɓar juna, biyar a gaba suna tare masa iska, biyu a baya. Mota mai lantarki tana gabansu tana zana musu layi da hasken leza a kan kwalta, kowane kilomita minti 2 da sakan 50. Ruwan sha a kan keke ake miƙo masa. A ƙafarsa akwai sabon samfuri, Alphafly, wanda ya fi na baya kauri, da jakunkunan iska a ƙarƙashin tafin ƙafa. Ya gama cikin 1:59:40.

Ba a rubuta shi a kundi ba, kuma tun farko an san ba za a rubuta ba: ba gasa ba ce, 'yan rakiya suna shiga a tsakiyar hanya, ga mota, ga mai keke. Takalmi ba ya cikin dalilan. Washegari kuwa, a Shikago, a gasa ta halal, Brigid Kosgei ta Kenya ta yi 2:14:04 da Vaporfly, ta shafe 2:15:25 na Paula Radcliffe wanda ya yi shekara 16 ba mai ko kusantarsa. Wannan shi ya tayar da hankali fiye da na Biyana. 'Yan tseren da ke ƙarƙashin wasu kamfanoni suka shiga sayen takalmin a ɓoye suna shafe tambarinsa da baƙin fenti. A tseren miƙa-sanda na Hakone, wanda ɗaliban jami'o'in Japan ke yi kowace sabuwar shekara, sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan tseren Janairun 2020 shi suka sa, a ƙasar Asics da Mizuno.

A ranar 31 ga Janairu 2020 hukumar, wadda ta sauya suna zuwa World Athletics a ƙarƙashin Sebastian Coe, ta fitar da doka: kaurin ƙasan takalmin titi kada ya wuce milimita 40, falle mai tauri kada ya wuce ɗaya, kuma sai takalmi ya yi wata huɗu a kasuwa kafin a shiga gasa da shi. Vaporfly ya tsira. Bayan 'yan kwanaki Nike ya baje kolin Alphafly na sayarwa, kaurinsa ya tsaya dab da iyakar. A ganina wannan ba hukunci ba ne, sallamawa ce. An ja layin ne daidai bayan abin da ya riga ya shiga kasuwa. Ba a haramta ba kamar masu ninƙaya, ba a buɗe sabon shafi ba kamar masu mashi, ba a raba kundin ba kamar masu keke. Hanyar masu tsallen sanda aka bi, aka yi shiru.

Sauran kamfanoni suka kamo cikin shekara biyu zuwa uku, lambobi suka ci gaba da zubewa. Tigst Assefa ta Habasha ta yi 2:11:53 a Balin a 2023 da takalmin Adidas mai nauyin giram 138, kuɗinsa dala 500, wanda aka ƙera don gasa ɗaya tak. Bayan mako biyu Kelvin Kiptum na Kenya ya yi 2:00:35 a Shikago, wata huɗu kafin haɗarin mota ya yi ajalinsa yana da shekara 24. A 2024 Ruth Chepngetich ta sauka ƙasa da 2:10, wato cikin shekara biyar an zabge minti biyar da rabi daga lambar Radcliffe. Daga baya an dakatar da ita shekara uku saboda wani haramtaccen magani da aka samu a jikinta, abin da ke tuna mana cewa akwai wata fasahar da ba a ƙafa ake sa ta ba, kuma zuwan takalmin ya ba ta wurin ɓuya, tunda yanzu duk lokacin da ya ba da mamaki akwai amsa a shirye.

Fili ma bai tsira ba. Soson ya shiga takalma masu ƙusa, aka kuma jera fitilu a gefen fili suna gudu daidai da saurin tarihin da ake son karyawa. Da su Joshua Cheptegei na Yuganda ya shafe tarihin Kenenisa Bekele na mita 5,000 da na 10,000 cikin wata biyu a 2020, bayan sun yi shekara 16 da 15. Mu ma abin ya taɓa mu. A ranar 24 ga Yuli 2022, a gasar duniya a Eugene ta Amurka, Tobi Amusan 'yar Najeriya ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 cikin sakan 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe, ta shafe 12.20 na Kendra Harrison. Tsohon zakara Michael Johnson ya fito ya ce bai yarda da agogon ba, 'yan Najeriya suka yi masa ca. Wasu suka koma kan takalminta, wanda na masu dogon zango ne mai ɗan soso, ita kuma ta ce ciwon tafin ƙafa ne ya sa ta zaɓe shi, kuma bai saɓa doka ba. A zagayen ƙarshe ta yi 12.06 ta ci zinare, na farko da Najeriya ta taɓa samu a gasar duniya ta guje-guje, amma aka ƙi rubuta lokacin, saboda na'urar auna iska ta nuna mita 2.5 a sakan, doka kuwa 2 ta yarda da shi. Iskar da ta tura ta an auna an cire. Abin da soso ya ƙara ba shi da gurbi a takardar alƙali.

Ba na cikin masu cewa takalmi ne ya yi Kipchoge. Yana ɗan shekara 18 ya doke Hicham El Guerrouj da Bekele a mita 5,000 a gasar duniya ta Faris a 2003, kuma ya shafe shekaru a sansanin Kaptagat ƙarƙashin Patrick Sang yana gudun kusan kilomita 200 a mako, yana shara da wanke banɗaki tare da yaran da ba su kai shi ba. Takalmin bai sauya waɗanda ke ci ba. 'Yan Kenya da Habasha ne kafinsa, su ne bayansa, a Balin da Landan, har da gudun Legas da aka fara a 2016. Abin da ya karye shi ne tsani tsakanin zamani da zamani. Lambar Gebrselassie, wadda ta girgiza duniya a 2008, yanzu mutanen da ba za su iya riƙe masa jaka ba sun wuce ta, kuma kundin bai sa wata alama a 2017 da za ta gaya wa mai karatu dalili ba. Akwai kuma batun aljihu. Gwanin da ya riga ya yi suna kyauta ake kai masa takalmi. Yaron da ke atisaye a tsaunukan Filato yana neman a san da shi, shi ne zai nemo dala 250 ko fiye na takalmin da sosonsa ke saki bayan 'yan gasanni, in ba haka ba ya tsaya a layin tashi da bashin minti ɗaya ko biyu a wuyansa.

Dokar milimita 40 ta yi cizo a Biyana, garin da aka yi 1:59:40. A gudun yada-ƙanin-wani na birnin a Satumban 2021, Derara Hurisa na Habasha ya riga kowa isa cikin 2:09:22, sakan uku gaban Leonard Langat na Kenya. Wani takalmi ya rubuta a takardar shiga gasa, amma da safe ya ɗauko wanda yake atisaye da shi ya sa. Aka auna ƙasansa aka samu milimita 50. Ba a cika awa guda da gama tseren ba aka soke nasararsa, aka ba Langat.